Asali da Ma'anar Sunaye: Daga Sunayen Annabawa Zuwa Sunayen Hausawa

Gabatarwa

A yau akan tarar da magidanci yana jin nauyin sunan kakansa, Tanko ko Shekarau, yana ganinsa ragowar maguzanci, alhali ya raɗa wa 'yarsa wani baƙon suna da bai san ma'anarsa ba, don kawai ya ji amonsa kamar na Larabci. Wannan maƙala za ta bi sawun sunaye tun daga na annabawa har zuwa na Hausawa, domin nuna cewa ma'aunin da Musulunci ya ɗora suna a kai shi ne ma'ana, kowane harshe kuwa sunan ya fito daga gare shi.

Sunayen annabawa da harsunansu

Ɗalibin nahawu ya san cewa Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ da Yusuf ba sa karɓar tanwini, saboda sunaye ne na yanka kuma na ajami. Abu Mansur al-Jawaliƙi, malamin lugga na Bagadaza a ƙarni na 6 na Hijira, ya bayyana a littafinsa al-Mu'arrab cewa sunayen annabawa duk na ajami ne in ban da huɗu: Adam da Salihu da Shu'aibu da Muhammad (SAW).

Idan aka mayar da waɗannan sunaye ga Ibrananci sai ma'anarsu ta fito. Isma'il na nufin Allah Yana ji, Ishaƙ kuma daga kalmar dariya yake. Yusuf roƙo ne na Allah Ya ƙaro, Zakariyya kuwa shaida ce cewa Ubangiji Ya tuna. Kowanne yana ɗauke da addu'a ko labarin haihuwar mai shi. Alƙur'ani ya kawo su da lafazin da ya dace da harshen Larabawa, bai fassara su ba, bai kuma musanya su da waɗansu ba.

Abin da Annabi (SAW) ya sauya da abin da ya bari

Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) ya sauya sunaye. Ya mayar da Barra ta koma Zainab, domin sunan farko yana ɗauke da yabon kai. Ya mayar da wata 'yar Sayyidina Umar daga sunan da ke nufin mai saɓo zuwa Jamila. Abdurrahman ɗan Aufu ma sunan Musulunci ne da ya maye gurbin na jahiliyya. Ya so ya mayar da Hazn, wato mai tsanani, ya koma Sahl, mai sauƙi, amma dattijon ya ƙi rabuwa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Jikansa Sa'idu ɗan Musayyib ya ba da labarin cewa tsananin bai gushe daga zuriyarsu ba. Dukkan waɗannan da aka sauya sunayen Larabci ne tsantsa.

A gefe guda, Mariya Baƙibɗiya ta zauna a gidan Annabci da sunanta na Masar, Fairuz ad-Dailami ya zama sahabi da sunansa na Farisanci mai nufin nasara. Bayan haka ma an san jagoran nahawun Larabci da laƙabin Farisanci, Sibawaihi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya tattara hukunce-hukuncen wannan babi a Tuhfatul Maududi, inda hani ya karkata ga sunan da ke bautar da mutum ga wanin Allah, ko mai mummunar ma'ana, ko mai yabon kai.

Yadda sunaye suka shigo ƙasar Hausa

Jerin sarakunan Kano madubi ne na wannan tafiya. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya kawo Bagauda da Gijimasu da Naguji da Guguwa da Shekarau da Tsamiya. A zamanin Yaji (1349-1385) Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, shi kuma Sarki ana kiransa Ali. Daga baya sai ga Umaru da Dauda da Abdullahi Burja da Yakubu, har zuwa Muhammadu Rumfa (1463-1499). Abin lura shi ne, sunan yanka ya shigo, laƙabin gida kuma bai fita ba.

Harshen Hausa ya sarrafa baƙin sunaye har suka zama 'yan gida. Abdullahi ya koma Audu, Ibrahim ya koma Iro, Muhammadu ya koma Mamman, Abubakar ya zama Habu ko Garba. Al'adar alkunya, wadda ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari da matar aure kiran sunan mijinta ko surukinta, ita ta ƙara raya laƙubba. Sunayen ranaku ma gamin gambiza ne: a Ɗanladi, ɗan na Hausa ne, Lahadi kuma daga Larabci, haka Talatu da Laraba da Jummai da Asabe. Gidan Shehu Usmanu kansa bai yar da harshensa ba, domin Fodiyo a Fulatanci malami ne, Bello kuma mataimaki. Darajar mai suna takan bi sunan, shi ya sa ake kiran duk wani Usman da Shehu.

Sunayen gargajiya kuwa rajistar haihuwa ce ta baka. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Azumi ta zo a watan Ramalana. Waɗansu, irin su Ajuji da Ayashe, an raɗa su ne ga 'ya'yan wabi bisa camfin a kauce wa mutuwa, kuma a nan ne gyaran malamai yake da gurbi.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa sunan Larabci yana iya zama abin sauyawa, na ajami kuma yana iya zama sunan annabi. Sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kamar yadda Muslim ya ruwaito, kuma koyi da sunayen annabawa da salihai alheri ne. Haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa shi ne ya binciki ma'ana kafin ranar suna. Haƙƙin al'umma a kan manazarta kuma shi ne su tattara sunayen gargajiya daga bakin dattawa, su rarrabe mai camfi da mai tarihi, tun masu sanin ma'anarsu suna raye. Allah Shi ne Mafi sani.