Miriam Makeba: minti huɗu a fim, shekara 31 a gudun hijira

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a shekarun 1990 a Maradi ko Damagaram ko Tawa, da wuya a ce bai kalli fim ɗin Sarafina ba, ko a gidan bidiyo ko a tsakar gidan maƙwabta. In ka tambayi mutane wa suka riƙe a cikinsa, sai su ce yarinyar nan Sarafina, ko malamarta ta tarihi da aka kama. Kaɗan ne ke tuna uwar yarinyar, dattijuwar da ke aikatau a gidan Turawa. Alhali kuwa a cikin duk ƴan Afirkan da suka fito a fim ɗin, babu wanda ya kai ta suna a duniya, kuma abin da ta nuna a gaban kyamara rayuwarta ce da ta mahaifiyarta. Sunanta Miriam Makeba, wadda ake yi wa kirari da Mama Afirka. Ina so in bi sawunta tare da ƴan uwana malamai da iyaye, domin muna nuna wa yara fim ɗin ba tare da mun gaya musu ko wace ce ita ba.

An haife ta ranar 4 ga Maris 1932 a Johannesburg, ƙasar Afirka ta Kudu. Tana da kwana 18 a duniya aka kama mahaifiyarta saboda sayar da giyar gida, irin burkutu, wadda doka ta hana baƙar fata yi. Aka ɗaure uwar wata shida, jaririyar ta yi zaman tare da ita. Mahaifinta ya rasu tana shekara shida. Uwar ta koma aikatau a gidajen Turawa, inda ba a yarda ƴar aiki ta zauna da ƴaƴanta, saboda haka Miriam ta tashi a hannun kakarta a wajen Pretoria. Can ta yi makarantar mishan ta Kilnerton, kuma a cikin ƴan waƙar makarantar aka fara lura da muryarta. Ita ma ta taɓa renon ƴaƴan Turawa don a samu abin sawa a baki. Tana da shekara 17 ta yi aure, a 1950 ta haifi ƴarta ɗaya tilo, Bongi, auren kuma bai yi ƙarko ba.

A shekarun 1950 ta yi waƙa da ƙungiyar maza ta Manhattan Brothers, daga baya da ta mata zalla mai suna Skylarks. Sunanta ya zagaye ƙasar, amma aljihu bai san da haka ba, don kamfanonin faifai na lokacin ladan yini suke ba baƙar fata su riƙe ribar.

Shekarar 1959 ce ta juya komai. A watan Fabrairu ta hau dandali a wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe da ake kira King Kong, labarin wani ɗan dambe baƙar fata, ta fito a matsayin Joyce, mai gidan mashaya. Wannan shi ne karon farko da aka ga ta iya wasa ban da waƙa. Kafin nan kuma wani Ba'amurke mai shirya fim, Lionel Rogosin, ya ɗauki fim a ɓoye a unguwar Sophiatown, bayan ya nuna wa hukuma cewa fim ɗin kiɗa da nishaɗi yake yi. Fim ɗin, Come Back, Africa, ya nuna yadda takardar izinin yawo da aikin ma'adinai da wulaƙancin gidajen Turawa ke cinye baƙar fata. Miriam ta fito a cikinsa na kimanin minti huɗu, ta rera waƙa biyu, shi ke nan. Rogosin ya nemo mata hanyar zuwa bikin fina-finai na Venise a Italiya, inda fim ɗin ya samu kyautar masu sharhi. Daga nan ta wuce Landan, ta haɗu da mawaƙi Harry Belafonte, wanda ya buɗe mata ƙofar Amurka. Kafin shekara ta ƙare tana waƙa a New York.

Gwamnatin wariyar launin fata ba ta manta da minti huɗun nan ba. A 1960, shekarar da ƴan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, mahaifiyar Miriam ta rasu. Ta je neman izinin komawa gida don jana'iza, sai ta tarar an soke fasfonta. Duk wanda ya taɓa rasa uwa yana nesa ya san wannan ciwo, balle a ce hukuma ce ta tare hanya. Kafin wannan ranar ba ta cika sa baki a siyasa a fili ba. Bayanta kuwa sai ta saki harshe. A 1963 ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, ta nemi duniya ta ƙaurace wa gwamnatin ƙasarta. Martanin da aka mayar mata shi ne ƙwace mata zama ƴar ƙasa da haramta faifanta a gida. A wannan shekarar ce kuma ta yi waƙa a Addis Ababa wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Shekarunta na Amurka su ne na ɗaukaka. Ta ci kyautar Grammy a 1966 da faifan da suka yi da Belafonte, a 1967 kuma waƙar rawa ta Pata Pata ta karaɗe duniya. Abin da ya fi burge ni a wannan zamanin nata ba kyaututtukan ba ne. Tana hawa dandalin Turawa da gashinta yadda Allah ya yi shi, ba ta miƙar da shi da mai ko wuta ba, kuma tana waƙa da harshen Xhosa da na Zulu, masu sauraro su bi ta ko ba su ji. Ina ambata wa ƴan matan ajina wannan, musamman yanzu da man bilicin ya cika kasuwanninmu.

Sai ga 1968. Ta auri Stokely Carmichael, jagoran matasa baƙar fata masu zafin ra'ayi a Amurka. Nan take aka shiga soke mata wasanni da kwangilar faifai. Ƙasar da ta karɓe ta tana sukar wariya a Afirka ta Kudu ba ta jure ganinta da mai sukar wariya a cikin Amurka ba. Suka koma Gine Konakiri bisa gayyatar Shugaba Seku Ture, ta zauna can wajen shekara 15. Ta yi waƙa da makaɗan Gine, ta koyi rerawa da harsunansu, ta halarci bikin al'adun Afirka na Aljeriya a 1969 da na Kinshasa a 1974 lokacin damben Muhammad Ali da George Foreman. Gine ta sa ta cikin wakilanta a Majalisar Ɗinkin Duniya, har ta yi jawabi a babban zaure. Gaskiya ɗaya dai ba a ɓoye ta: a daidai wannan lokacin gidan yarin Boiro na Konakiri cike yake da ƴan adawa, kuma an zarge ta da yin shiru a kan haka. Ina ganin zargin yana da tushe, ko da yake wanda ba shi da ƙasa ba ya zaɓen mai masauki. A 1985 ƴarta Bongi ta rasu, ta bar mata jikoki, Miriam ta tattara ta koma Bruxelles.

Tana Gine ne abin Soweto ya faru. Ranar 16 ga Yuni 1976 dubban ƴan makaranta suka fito zanga-zanga don an tilasta koyar da su lissafi da wasu darussa da harshen Afrikaans, harshen masu mulkinsu, wanda malamansu da yawa ma ba su ƙware a kai ba. Ƴan sanda suka buɗe wuta. Cikin waɗanda suka fara faɗuwa akwai Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12. Wannan ce ranar da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta mayar Ranar Yaron Afirka tun 1991, wadda muke yi wa biki a makarantunmu da wasanni da jawabai, sau da yawa ba tare da an ambaci cewa rigimar a kan harshen koyarwa ta tashi ba. Tsohon mijinta Hugh Masekela ya tsara waƙar Soweto Blues a kan kisan, ita ta rera ta, kuma ta yi ta rera ta har tsufa.

An saki Nelson Mandela a Fabrairun 1990, ya nemi ta dawo. A watan Yuni ta sauka Johannesburg da fasfon Faransa, bayan shekara 31. Ta je kabarin mahaifiyarta. Shekara biyu bayan haka, a 1992, ta fito a Sarafina na Darrell Roodt, tare da Leleti Khumalo da Whoopi Goldberg, tana da shekara 60.

Rawar da aka ba ta ƙarama ce, amma ku sake kallon fitowarta. Angelina, uwar Sarafina, tana zaune a gidan Turawa tana renon ƴaƴansu, nata ƴaƴan suna Soweto. Sarafina ta zo ta same ta, ta goranta mata da cewa mahaifinta ya mutu a gwagwarmaya, ita kuwa tana wanke-wanke wa maƙiya. Uwar ta tuna mata wanda ke ciyar da su. Sai bayan yarinyar ta sha azabar kurkuku ta dawo ta gane cewa uwar nan ma jaruma ce. Matar da ke karɓar gorin a gaban kyamara ƴar mai aikatau ce, ta tashi nesa da uwarta saboda wannan aikin, ta yi shi da hannunta, aka kuma hana ta binne uwar. A ganina shi ya sa ba ta buƙatar ɗaga murya a wurin. Mu ma muna da ɗalibai da iyayensu ke aikatau a Yamai ko ci-rani a Agadas da Libiya, kuma na sha ganin yadda yaro ke jin kunyar faɗin sana'ar uwarsa in ana cika takarda. In za a nuna fim ɗin a aji, a wannan wurin ya kamata a dakata a yi magana, kafin a kai ga rawa da waƙar ƙarshe da yara suka fi jira.

Ba ta mayar da fim sana'a ba, waƙa ta ci gaba da yi. A 1999 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta naɗa ta jakadiya, ta kuma buɗe gidan kula da ƴan mata marasa galihu a ƙasarta. A 2005 ta fara rangadin ban-kwana, amma ba ta daina amsa gayyata ba. Ranar 9 ga Nuwamba 2008 ta hau dandali a garin Castel Volturno na Italiya, a wasan nuna goyon baya ga marubuci Roberto Saviano da ƴan daban Camorra ke neman kashewa, a garin da aka harbe baƙi shida ƴan Afirka wata biyu kafin nan. Ta gama rera Pata Pata, zuciyarta ta buga, aka garzaya da ita asibiti, ta cika a daren tana da shekara 76.