Hanyar ruwa daga fadamar Arewa zuwa teku

Fadamar da ta ratsa Matankari, Dogon Dutsi, Kiyeshe, Tibiri da Gesheme, wadda taswira ke kira Dallol Mawri, kwarin wani tsohon gulbi ne. Dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara ke samun ruwan sama, ta nan ruwa ke gangarowa kudu. Yau ya nutse ƙarƙashin rairayi, shi ya sa rijiyar fadama ba ta kai ta tudu zurfi ba, kuma shi ke riƙe da garaken rake da rogo da dankali. Gangaren dai yana nan: fadamar ta bi ta Junju da Yelu, ta haɗu da ta Foga mai gishiri, ta faɗa kogin Isa kusa da Dole, ƙasa da Gaya. Daga nan zuwa teku akwai fiye da kilomita 1,000 na ruwa.

Ba'are mutumin tudu ne, da mota yake zuwa biɗa Kwatano ko Lome. Sai dai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, matafiya sun koma fito da kwale-kwale. Cikinsu akwai ƴan Dutsi da ƴan Tibiri da yawa waɗanda ba su taɓa koyon iyo ba. Sanin halin kogin ya zama abin da ya shafi kowane gida mai ɗan biɗa.

Ruwa biyu a shekara

Kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke ce wa Kwara, yana da tsawon kusan kilomita 4,200 daga duwatsun Gine zuwa teku, wajen 550 daga ciki a ƙasar Nijar. Yana cika sau biyu. Jan ruwa na zuwa a Agusta da Satumba, ruwan daminar nan kusa ne, mai laka da ƙarfi. Baƙin ruwa kuma na daminar Gine ne, wanda ke daɗewa cikin fadamun Mopti kafin ya iso tsakanin Disamba da Fabrairu, a natse, ya tace. Daga Afrilu ruwa ke janyewa, rairayi da duwatsu su fito. A Yunin 1985, bayan farin shekarun nan, sai da kogin ya daina gudu a Yamai. Duk mai shirin doguwar tafiya a ruwa, da kalandar nan yake farawa kafin ya yi maganar jirgi.

Sarkawa da ƙyallen iska

Masu sanin wannan hanya tun fil azal su ne Sarkawa, masuntan Kabi da Yawuri masu jin Hausa. Da abara da sandar turi da filafili suka riƙa haurawa har Gawo da ƙasar Mali bin kifi, su yi watanni, wani lokaci shekaru, da iyali da tukwane da kayan banda a cikin jirgi. Arewa da Kabi maƙwabta ne, abokan yaƙi kuma a ƙarni na 19, saboda haka ba baƙi ba ne ga mutanen fadama.

Kafin inji ya zo, iska ce ke rage wa matuƙi wahala, kuma har yanzu akan ga mai kwale-kwale ya kafa gora a tsakiyar jirgi, ya ɗaura tabarma ko buhunan da aka ɗinke. Irin wannan ƙyalle aikinsa ɗaya ne: iska ta buso daga baya ta tura. Hunturu na busowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, iskar damina kuma daga kudu maso yamma. A tafkin Kainji, wanda ya miƙe daga arewa zuwa kudu, hunturu na taimakon mai gangarawa, iskar damina na taimakon mai haurowa. In iska ta juya, a sauke buhu a koma filafili.

Jirgin iska na teku, wanda Faransawa ke kira voilier, wani abu ne daban. Ƙyallensa mai kusurwa uku ne, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani fiffike mai nauyi da ke nutsewa cikin ruwa, yana hana shi zamewa gefe ko kifewa. Da waɗannan biyu yana iya tafiya har ta wajen da iska ke fitowa, a karkace, yana juyawa dama da hagu. Amma fiffiken kan nutse mita ɗaya da rabi zuwa biyu ko a ƙaramin jirgi. A Gaya cikin watan Mayu irinsa ba zai motsa ba.

Waɗanda suka gangara

Bature na farko da ya gwada hanyar shi ne Mungo Park, ɗan Sikotlan. A Sansanding ta Mali ya haɗa kwale-kwale biyu suka zama jirgi ɗaya, ya tashi a Nuwamban 1805. Ya ƙi sauka gaida sarakunan bakin ruwa, ya yi ta harbi a hanya, jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi a Yawuri, ya mutu a duwatsun Busa a farkon 1806. A 1830 ne Richard Lander da ƙanensa John suka taso daga Busa suka isa teku, aka tabbatar da inda kogin ke zubewa.

Tafiyar da ta fi koyar da shiri ita ce ta Hourst, hafsan sojan ruwa na Faransa, a 1896. Ya zo da jirage uku, ɗaya na alminiyam. Da ya iso Sayi cikin Afrilu ruwa ya ragu, sai ya yi zango a wani tsibiri wajen wata biyar, ya jira jan ruwa, ya tashi a Satumba, ya wuce Busa ya kai teku. Aikin leƙen ƙasa ne don mulkin mallaka, wannan ba a ɓoye yake ba, amma lissafin lokacinsa daidai ne. Jean Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, sun bi kogin da kwale-kwale daga tushensa a 1946 suka isa teku a Maris na 1947. Rouch ya rubuta kan Sarkawa daga baya. A hatsarin mota ya rasu a 2004, kusa da Birnin Ƙonni, kabarinsa na Yamai.

Duwatsun Busa yau suna ƙarƙashin ruwa, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. An yi mata ƙofar wucewar jirage, kuma a farkon shekarun 1970, zamanin Diori Hamani, Nijar ta gwada kawo kaya daga teku zuwa Gaya da taimakon Kanada. Abin bai ɗore ba, fari ya zo, ruwa ya ragu, hanyar Kwatano ta ci gaba da ɗaukar kayan. Bayan Kainji akwai madatsar Jebba, sai Lokoja inda Binuwai ke shigowa, sai Onica, sannan kogin ya rarrabu cikin dajin bakin teku.

Bakin teku

Wanda ya fito daga kogi yana son zuwa Legas, Kwatano ko Lome, yamma zai nufa, kuma nan wahalar take. Mafi yawan shekara iska daga kudu maso yamma take, igiyar ruwan tekun Gine kuma gabas take gudu, duka biyun suna gabansa. Gaɓar rairayi ce miƙaƙƙiya, raƙuman ruwa na dukanta dare da rana, wuraren fakewa kaɗan ne. Shi ya sa aka gina wa Kwatano tashar jirage mai katanga a 1965, Lome kuma a 1968. Masu ƙananan jirage kan bi ruwan ciki daga Legas ta Badagiri zuwa Porto-Novo, su kauce wa teku gaba ɗaya. Akwai kuma ƴan fashin teku: a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a tekun Gine aka ɗauke su.

Ƙaramin jirgin iska kan ci kilomita 9 a awa, wato wajen 200 a yini da dare in iska ta ba da haɗin kai. Matuƙa kan fara da gajerun tafiye-tafiye kusa da gaɓa, daga tasha zuwa tasha, don a nan ne igiya mai rauni da ƙyalle mai ɓarakar ɗinki ke tona kansu, ana kusa da gyara. Sai lissafin ruwan sha, aƙalla lita 3 ga kowane mutum a rana, da ƙari don ranakun da iska za ta kwanta. Sai abinci mai jurewa, maganin zazzaɓin cizon sauro, fasfo da katin allurar shawara, taswirar ruwa ta takarda ko da akwai GPS, da rediyon VHF, wanda layinsa na 16 na neman agaji ne a duk duniya. Ana raba dare kashi-kashi, kullum ido ɗaya na buɗe.

A kogi kayan sun fi sauƙi, amma sakaci ya fi yawa. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ya tsage kusa da Wara, cikin jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150 da kaya, kaɗan ne suka tsira. Dalilan irin wannan hatsari sanannu ne ga duk sarkin ruwa: lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare, kututturan da ke ɓoye a tafki, da hadarin farkon damina mai tasowa daga gabas ba sallama. Ga dorina a wasu mashigai, ga ƴan bindigar da suka samu mafaka a dazuzzukan Kainji da na W.

Ga mai fito a Gaya, abin dubawa bai wuce ido ba. In bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa bayan an ɗora babura da buhuna, a jira na gaba. A tambayi rigar ruwa, a ɗaura ta tun kafin a tashi, yara su zauna a tsakiya, takardu da kuɗi cikin leda a jiki. In gabas ta yi baƙi, a bari hadarin ya wuce tukuna.