Agana, Cutar da Ke Toshe Bakin Mai Shela

Hausawa sun yi wa agana laƙabi da 'yan rani, domin da rani ta fi ɓarna. Fataken goro da suka zauna a Zangon Kumasi sun santa tun daga gida, sun kuma san makircinta: mutum kan ɗauke ta ya yi kamar kwana 12 yana ciniki lafiya lau, kafin zazzaɓi ya kayar da shi.

Wani ɓangare na asirin wannan shiru bai fito ba sai a 1995. Idan ƙwayar cuta ta kutsa cikin tantanin jiki, tantanin kan saki wani sinadari, intaferon, wanda shi ne mai shelar da ke tada maƙwabta su ɗaura ɗamara. Agana da danginta kuwa suna ƙera wani furotin mai kama da ƙofar da intaferon ke nufa, sai ya cafke shi a hanya, gari ya ci gaba da barci.

Abin mamaki, an ci ta da yaƙi tun kafin a san wannan dabara tata. Masu yin lamba sun kore ta daga Gana a 1968, daga Nijeriya a 1970, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ta ƙare a doron ƙasa.