Yadda aka riƙa auna basirar yara a Bauchi

Tun kafin boko ya iso Bauchi akwai hanyar gane yaro mai kai. A makarantun allo, irin waɗanda har yau ake jin tashin karatunsu a lungunan Ɗan Iya, malam yakan lura da wanda ke saurin wanke allo, da wanda ke kawo hadda ba gargada. Can ƙoli kuma ga gwani, mai rubuta Alƙur'ani da ka, wanda zai faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo. Awo ne mai tsanani, yana cin shekaru, kuma malamin ya san gidan su yaron, ya san ranar da ya zo bai karya ba.

Da Turawa suka buɗe makarantar lardi, sai awon ya koma takarda. Ta wannan ƙofar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya wuce Kwalejin Katsina a 1928.

Shi gwajin basira kansa daga Faransa ya taso. A 1905 Alfred Binet ya tsara tambayoyi don a gano ɗaliban da aka bari a baya, a taimake su, kuma bai yarda cewa basira aba ce da ba ta ƙaruwa ba. Amurkawa ne suka karkatar da manufar. Lewis Terman ya sake fasalin gwajin a 1916, aka gwada sojoji sama da miliyan ɗaya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu suka ɗauki sakamakon suna fifita wata al'umma a kan wata. Jikokin waɗannan tambayoyin ne yaranmu na aji shida ke karo da su a jarrabawar shiga sakandare: cike jerin lambobi, fitar da bare cikin kalmomi, duk cikin Turanci.

Ban ce gwajin banza ba ne. Yana hasashen yadda yaro zai yi a aji, kuma gado yana da nasa kaso. Amma James Flynn ya nuna cewa a ƙasashe da dama makin ya riƙa hawa da kusan 3 duk shekara goma a ƙarni na 20, saurin da gado ba zai iya kawowa ba. Wani nazari na 2018 ya gano kowace shekarar makaranta tana ƙara maki 1 zuwa 5.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na jiki. Ƙarancin sinadarin ayodin a cikin mai juna biyu yana taɓa ƙwaƙwalwar ɗanta, shi ya sa aka wajabta sa shi a gishiri a Najeriya. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yakan bar tabo. A Zamfara, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kusan 400 a 2010, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma ta rage musu fahimta. Irin waɗannan yaran ma suna zama jarrabawa, su faɗi, a gida da makaranta a kira su daƙiƙai.