Matsayin const wajen Tsayar da Girman Jeri a Harshen C

Akwai ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masu koyon rubuta manhaja cewa duk abin da aka sa wa alamar const ya zama tsayayyen adadi, saboda haka kwamfailar da ta ƙi karɓarsa a matsayin girman jeri ita ce mai aibi. Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa umarnin inji, jeri kuwa gurabe ne a jere cikin ma'ajiyar kwamfuta waɗanda ke amsa suna ɗaya. Ga dukkan alamu, kuskuren ya samo asali ne daga ɗaukar C da C++ tamkar harshe guda.

A C++, idan aka rubuta const int n = 10, ana iya auna jeri da n ba tare da wata matsala ba. A C kuwa alamar hana sauya n kawai take yi, ba ta mai da shi adadin da ƙa'ida ta yarda an sani lokacin fassara. Tun ƙa'idar 1999, jerin da aka auna da irin wannan n a cikin aiki (function) yakan zama jeri mai girman da sai shirin ya fara gudana ake tsayar da shi, shi ya sa kwamfailar GCC ke ƙin a zuba masa ƙimomin farko.

Hujjar masu sukar tana da ƙarfi: ai kwamfaila tana ganin 10 ɗin ƙuru-ƙuru, me zai hana ta amfani da shi? Amsar ita ce, a C abu mai const da ke wajen kowane aiki ana iya ambatonsa a fayil ɗaya alhali ƙimarsa tana wani fayil, ko kuma, a cikin aiki, ƙimar ta fito daga lissafin da ba a yi ba tukuna. Ingancin shiri bai kamata ya rataya a kan wayon wata kwamfaila ba, domin abin da kwamfailar Clang ta lamunta da gargaɗi wata za ta iya ƙin sa, musamman da yake ƙa'idar 2011 ta mai da irin wannan jeri na ganin dama, masu Linux kuma suka kawar da shi daga cibiyar tsarinsu a 2018.

Sai dai sabuwar ƙa'idar C23 ta shigo da alamar constexpr, wadda ke ba da tsayayyen adadin da ake iya auna jeri da shi, ko da yake matsayin const bai sauya ba. Malamin da ɗalibansa ke aiki da tsofaffin kwamfailoli ya kamata ya koya musu auna jeri da #define ko enum, ya kuma faɗa musu dalilin.