Asalin Dutsen Dala

Dutsen Dala yana tsakiyar tsohon birnin Kano, gabas da ɗan'uwansa Goron Dutse. Jan dutse ne na marmara, bisansa shimfiɗe kamar faifai, tsayinsa mita 534 daga gaɓar teku. Tun ba a san za a yi birni a wurin ba mutane ke zaune a gindinsa, saboda tama da ke cikin ƙasar. Masu tonon tarihi sun samu kufan matoyar ƙarfe a nan wadda ta kai ƙarni na 7. Akwai kuma labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce sun taso daga Gaya suna biɗar tama, cikinsu har da wani mai suna Kano, wanda garin ya ci sunansa.

Shi kuwa dutsen, sunan mutum ya gada. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya juya zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa wani baƙo ne mai suna Dala ya zo ya gina gida a kan dutsen, shi da matansa. Ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu, mata uku, babbansu Garageje. Daga tsatson nan aka samu Barbushe, baƙin ƙato maharbi, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa, ya ɗauko ta a ka.

Barbushe ne mai tsaron Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani, wadda ke cikin wata itaciya da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga. Ba mai shiga sai shi. Sau biyu a shekara yakan sauko, jama'a su taru da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙin bunsuru, a yanka, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Shi ne aka ce ya yi musu albishir mai ɗaci, cewa wani zai zo da runduna ya mallake su. Haka kuwa aka yi, Bagauda ya zo ya mallake su a shekarar 999. Jikansa Gijimasu ya fara ganuwa, dutsen ya faɗo cikin birni. Sarki Tsamiya ya rushe wurin tsafin, zamanin Sarki Yaji kuma Wangarawa suka iso da Musulunci.

Sunan bai tsaya kan dutse ba. Buhunan gyaɗa da aka riƙa jerawa tsibi-tsibi a Kano, dalar gyaɗa aka kira su, yau kuma akwai ƙaramar hukumar Dala. Amma dalar kuɗi, wato sule biyu a kuɗin da, ita daban ce, baƙuwar kalma ce daga sunan kuɗin Turawa.

A 1851 matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya hau dutsen ya zana hoton birnin. Yanzu an yi matakala ta siminti, baƙi na hawa su hangi kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, wato fadar sarki, da hasumiyoyin babban masallaci. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya kan cika kansa maƙil. Abin takaici, zaizayar ruwa tana cin gefensa, gidaje kuma sun matso har gindinsa, wasu ma sun fara hawa jikinsa.