Ƙarancin Bitamin B6 da Yawaitar Asid ɗin Oksalik a Jikin Ɗan'adam

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin alaƙar ƙarancin bitamin B6 da yawan oksalat, wato gishirin asid ɗin oksalik, a fitsari. Matsayarta ita ce hana mai tsakuwar ƙoda cin ganye kaɗai bai wadatar ba, domin hanta da kanta tana samar da kaso mai tsoka na wannan sinadari.

Gabatarwa

Asid ɗin oksalik yana shiga jiki ta cimaka irin su alayyafo, yakuwa da gwaza. Ƙaiƙayin da ɗanyar gwaza ke sa wa a maƙogwaro ma aikin ƙananan allurai ne na kalsiyam oksalat da ke cikinta. Abin da ya shiga jini ƙoda ce ke tace shi, in kuwa ya yi yawa a fitsari sai ya haɗu da kalsiyam ya daskare. Mafi yawan tsakuwar ƙoda daga nan take samo asali.

Aikin hanta

A cikin hanta akwai enzayim mai suna AGT, wanda ke mayar da sinadarin giloksilat ya koma gilaisin, abin da jiki ke amfana da shi. Wannan enzayim ba ya aiki sai da B6. Idan bitamin ɗin ya yi ƙaranci, giloksilat yakan taru har wani enzayim ɗin ya juya shi zuwa oksalat. A 1959 Stanley Gershoff da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nuna cewa kuliyoyin da aka hana B6 sun tara oksalat a ƙoda. Haka kuma a cutar gado da ke lalata AGT, kimanin kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya kan sami raguwar oksalat idan likita ya ɗora su a kan B6.

Ga masu lafiya kuwa, hujjar ba ta yi ƙarfi haka ba. Binciken Gary Curhan na 1999 a kan mata sama da 85,000 a Amurka ya ga raguwar tsakuwa ga masu shan miligiram 40 na B6 zuwa sama a rana, amma makamancinsa na 1996 a kan maza bai ga hakan ba. Bitamin C kuwa akasin B6 yake: yawan haɗiyar ƙwayoyinsa ne ke ƙara oksalat.

Tattaunawa

Mata kan tafasa ganye su zubar da ruwan farko. Hakan na rage oksalat, amma B6 ma mai narkewa ne a ruwa, don haka wani kasonsa na bin ruwan. Gara a haɗa ganyen da nono, kalsiyam ɗinsa ya kame oksalat tun a hanji, a kuma nemi B6 a kifi, hanta, gyaɗa da ayaba. Masu shan isoniyazid saboda tarin fuka sun fi cancantar kulawa, tunda maganin na rage B6. Sai dai bai kamata kowa ya sayi ƙwayoyin bitamin ɗin a kemis ya riƙa sha ba bisa umarnin likita ba, domin yawansa na lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.